Ƙasar da Ta Bi Salihu

Duk wanda ya daɗe yana haƙar jar ƙasa a bayan garin Katsina ya san Malam Talle, ko da bai taɓa zama da shi ba. Dattijo ne siriri mai ɗan ɗingishi, yana da rumfa a bakin titi kusa da Ƙofar Guga inda yake sassaƙa ƙotar diga da ta shebur. Da rani ba ya zuwa ko'ina. Amma idan damina ta kankama, duk safiyar da aka tashi da ruwa sai ya rufe rumfar, ya ɗaure wani guntun rodi a bayan kekensa, ya bi ramukan da tifofi ke ɗibar ƙasa. Ba ya sauka ciki. Ta sama yake bi, kansa a sunkuye, yana soka rodin nan da can. Idan ya ga abin da bai kwanta masa ba, sai ya leƙa ya ce wa na ƙasa su bar wannan gefen yau. Wasu su matsa, wasu su ce tsohon ya iso da tsoronsa.

A wani ƙauye ta wajen Kaita aka haife shi, mahaifinsa ya rasu tun yana goye, shi ya sa sunan Talle ya bi shi har ya danne na yanka. Ya shigo birni cirani yana saurayi, tare da abokinsa Salihu, wanda aka yi musu kaciya rana ɗaya. Lokacin gari yana ta buɗewa, ana ta saka harsashin gidaje a Kambarawa da kewayenta, kuma kowane harsashi sai an cike shi da jar ƙasa. Suka sami gurbi a wani babban rami da ake kira Ramin Habibu, da sunan shugaban mahaƙan wurin. Ciranin wata uku ya zama zama. Salihu ya auri Furera, Talle ya auri Dije, suka kama ɗakuna biyu a gida ɗaya. Salihu ƙato ne mai yawan surutu, ko yana sara ƙasa bakinsa ba ya hutawa. Talle kuwa sauraro ne aikinsa.

Gaɓar ramin ta gabas ta kai tsawon bene hawa huɗu. Idan mutum ya tsaya a ƙasa ya ɗaga kai, zai ga ƙasar hawa-hawa: baƙa a sama inda ciyawa take, sai ja mai kauri, sai tsakuwa, can gindi kuma wani farin yumɓu mai santsi wanda ba mai saye. Akwai wata aduwa a bisa gaɓar. Dabarar mahaƙa ita ce su riƙa cin gindin gaɓa har ta yi kogo, sannan su ja da baya su bar na sama ya faɗo da kansa. Hakan ya fi sauƙi, kuma haka kowa ya tarar ana yi.

Shekarar da Furera ta haifi Zainab, aka yi marka ta kwana uku a watan Agusta. Ranar Alhamis da hantsi rana ta fito, mutane suka koma aiki. Wata tifa ta kafe a mashigar ramin, kusan kowa ya tafi turi, aka bar Salihu shi kaɗai a gindin gaɓar gabas. Talle ya hau sama don ya shanya rigarsa a aduwar. A hanya ya tsallake wata tsaga a bayan itacen, faɗinta bai wuce yatsa biyu ba, ruwa yana gangarawa cikinta shiru. Ya gan ta sarai, bai kawo komai a ransa ba.

Yana rataya rigar ya ji wani gurnani a tafin ƙafarsa, ba a kunne ba. Ya leƙa ƙasa ya kira Salihu da iyakar muryarsa, ya ce masa ya gudu. Salihu ya ɗaga kai sau ɗaya, ya yar da diga, ya sheƙa miƙe zuwa tsakiyar ramin. Sai ƙasar da Talle ke tsaye a kai ta fara sauka da shi. Ba ta kife ba, ba ta farfashe ba. Ita da ciyawarta da aduwarta ta zame gaba ɗaya kamar kwalekwale, shi kuma ya rungume itacen. Daga nan ya ga gindin gaɓar ya fita daga ƙarƙashinsa ya malala cikin ramin kamar an tuntsurar da tukunyar kunu. Salihu yana da gudu. Ya yi nisan da duk mai hankali zai ce ya tsira, har ya fara sassautawa. Ƙasar ba ta sassauta ba. Talle ya ga shuɗiyar rigar Salihu, sannan bai ƙara ganinta ba. Guntun da yake kai ya tsaya da ƙarfi, ya maka shi da saiwar aduwar, ƙafarsa ta dama ta karye.

Da mutane suka taru, Habibu ya raba su aiki. Mutum ne da ya shekara talatin a rami, sau uku yana tono waɗanda ƙasa ta rufta wa, kuma dukansu a gindin gaɓa ya same su. Nan ya sa aka fara, ba a jima ba kuwa aka ci karo da digar Salihu, kowa ya ƙara ƙaimi. Talle yana kwance a gefe ana ɗaure masa ƙafa da kara, ya ce musu ba nan yake ba, ya gudu, yana can gaba.

Habibu ya dafa kansa ya ce, “Da ya gudu ai da ga shi tsaye tare da mu. Ƙasa ba ta bin mutum, Talle, inda ta faɗi nan take zama. Ka bugu ne.”

Talle ya dubi digar da aka tono, ya dubi furfurar Habibu, ya yi shiru. Aka sa shi a bayan mota aka kai shi wurin maɗori. Kafin la'asar shi kansa ya fara shakkar abin da idonsa ya gani.

Sai washegari da azahar aka sami Salihu. Wani makiyayi ne ya ratso da shanunsa ta tsakiyar ramin, saniyar gaba ta toge a ƙarshen malalar ƙasar ta ƙi takawa. Da aka sa shebur, ƙasar da ke kansa ba ta kai kamu biyu ba. Isah, ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗago shi, ya zo duba Talle bayan kwana uku, ya jira Dije ta fita, sannan ya gaya masa yadda suka same shi: a durƙushe, ya share wani ɗan sarari a gaban fuskarsa da hannu, faratansa duk sun kakkarye. Mahaƙan sun haɗa baki sun ce wa Furera nan take rai ya yi halinsa. Isah ya roƙi Talle kada ya warware maganar, Talle ya ce ba zai warware ba.

Da ya fara dogara sanda, wurin da ya fara zuwa shi ne ramin. Ya tsaya a sama ya daɗe yana kallo. Inda gaɓar ta ɓalle ya bar wani lanƙwasasshen gurbi, sumul, kamar an gutsuri bakin ƙwarya. Ƙasa da shi ga manyan guntaye a jere kamar matakala, kowanne ya jingina da baya, aduwar ma ta karkata tana duban inda ta fito. Daga nan sai ƙasar ta miƙe ta yi dogon harshe, a bayansa akwai layuka sun bi tsawonsa kamar kunyoyin gona, sun ɗan baje daga ƙarshe. Bakin harshen ya tattare ya yi tudu. Abin da ya fi ba shi mamaki, ƙasar ba ta cakuɗe ba, jar tana sama, farin yumɓun yana ƙasa, kamar an ɗauko su a faranti an ajiye. Ya sauka da ƙyar ya auna da ƙafa, daga gindin gaɓa zuwa inda aka tono Salihu. Taku saba'in da uku. Damina biyu bayan haka ruwa ya shafe komai.

Bai sake riƙe diga don sara ba. Ya koyi sassaƙa wurin wani tsoho, ya buɗe rumfarsa. Furera ta gama takaba, bayan shekara biyu ta auri wani tela a Kambarawa, ta tafi da Zainab. Talle da Dije suka haifi 'ya'ya biyar, suka aurar da uku. Mutane suna ɗaukarsa mai sanyin hali wanda ba ya son hayaniya. Dije kaɗai ta san cewa idan ana juye hatsi daga buhu yakan tashi ya bar wurin, kuma idan tifa ta ɗaga baya tana zubar da yashi a unguwa, sai ya ajiye gizago ya kama gwiwarsa har ta gama. Bai cika mafarki ba. Da rana tsaka abin yake zo masa, gurnanin nan a tafin ƙafa, sai ya ga shuɗi a gefen idonsa, ya waiga ya tarar ba kowa.

Zainab ta taso tana kiransa Baba Talle, kowace sallah sai ta zo gaishe shi. Ta yi ƙoƙari a makaranta har ta shiga jami'a, tana karanta ilimin ƙasa da duwatsu. A shekararta ta ƙarshe, wata Asabar da safe, ta iso rumfarsa da jaka a kafaɗa. Bayan sun gaisa, ta tambayi Dije da yara da ƙafa, shi ma ya tambayi mahaifiyarta da karatu, ta ce aikin kammalawarta a kan zaftarewar ƙasa ne, kuma duk ramin da ta je tambaya sai a ce ta nemi tsohon nan mai rodi. Ta yi dariya ta ce ba ta san tsohon nata ake nufi ba. Ya amsa mata abin da ta tambaya, ya gaya mata yadda ake gane tsagar da ke shirin tafiya da wadda rana ce kawai ta fasa, da yadda farin yumɓu yake zama sabulu idan ruwa ya kai gare shi. Tana ta rubutawa.

Can ta buɗe kwamfutarta a kan bencin, ta ce bari ta nuna masa wani abu da malaminsu ya nuna musu. Hoto ne ruwan toka, an ɗauke shi daga sama. Talle ya goge hannunsa a riga, ya matso. Ya ga gurbin nan mai kama da gutsuren ƙwarya. Ya ga matakalar. Ya ga dogon harshen da kunyoyinsa, sun baje daga ƙarshe, da tudun bakin. Ya tambaye ta wane ne ya ɗauki hoton Ramin Habibu.

Ta ce ba nan ba ne, ba ma a duniyar nan ba ne. Duniyar Mars ce, jan tauraron nan, na'urorin da aka harba suke kewaya ta suna aiko da hotuna. Ta ce akwai wani kwari a can wanda gaɓarsa ta kai kilomita da yawa a tsaye, kuma ƙasar da ta ɓalle daga gaɓar a hoton nan ta yi tafiya kamar daga Katsina zuwa Jibiya, wasu ma sun wuce haka. Har a duniyar wata akwai irinsu. Ta ce abin da ya dami masana shi ne nisan. A lissafi, ƙasa ta faɗi ta tsaya kusa, amma manyan ba sa tsayawa, gudu suke kamar ruwa. Wasu sun ce ƙanƙara ce a ƙarƙashi, wasu sun ce yumɓu, wasu kuma sun ce girgizar da ƙasar take yi ita ke sassauta ta har ta riƙa shawagi a kan kanta. Ba a gama gardamar ba.

Talle ya ce, “Tana rawa. Na tsaya a kanta. Na sama ba ya jin komai sai rawar, ƙarƙashi ne ke gudu.”

Ta ɗago ta dube shi. Ta san yana wurin ranar da mahaifinta ya rasu, amma ba a taɓa gaya mata a ina yake tsaye ba. Ya tambaye ta yaushe wannan ta faɗi. Ta ce miliyoyin shekaru da suka wuce, ba ruwan sama a can da zai wanke ta, tana nan yadda ta tsaya. Ya tambaya ko akwai mutane. Ta ce babu kowa, ko ciyawa babu. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ɗora yatsansa a bakin harshen, can ƙarshe.

Ya ce, “Da akwai mutum, nan za a tona. Ba gindin gaɓa ba.”

Bai yi niyyar ci gaba ba, amma ya ci gaba. Ya gaya mata tsagar da ya tsallake, da gudun Salihu, da maganar Habibu, da shirun da ya yi. Ya gaya mata abin da Isah ya gani, Isah da Habibu kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya. Wani mai sayen ƙota ya zo ya yi sallama, ya ga yanayinsu, ya ce zai dawo. Zainab ba ta yi kuka ba. Ta tambaye shi zurfin ƙasar, ya faɗa. Ta tambayi awa nawa tsakanin faɗuwar da lokacin da aka tono mahaifinta, ya faɗa. Ta rufe kwamfutar, ta ce sai an jima Baba, ta tafi, ta bar bironta a kan benci.

Wata guda bai ji ɗuriyarta ba. Sai wata Juma'a da yamma ya koma gida ya tarar da baƙon takalmi a ƙofar ɗakin Dije. Furera ce. Ta yi jiki, ta sa tabarau, ya shekara bakwai ko takwas rabonsa da ganinta kusa. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya zauna daga nesa, Dije tana gefenta. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi mai gida da ɗinki da jikoki, aka yi maganar ruwan bana. Da gaisuwar ta ƙare, Furera ta ce Zainab ta gaya mata komai.

Ya fara neman gafara, ta ɗaga hannu ta ce ba wannan ya kawo ta ba. Ta ce ranar an riga an tafi da shi wurin maɗori lokacin da ta iso ramin, don haka bai sani ba. Da labari ya same ta, ta goya Zainab ta fito ko mayafi babu, mata biyu suka biyo ta. Maza ba su bari ta matsa kusa da gaɓar ba, suna tsoron saura ya faɗo. Sai aka kai ta can nesa, inda ƙasar ta ƙare ta yi ɗan tudu, wurin ya fi tsanewa, aka shimfiɗa mata buhu. A nan ta zauna tun azahar har rana ta faɗi, tana kallon bayan masu tono. Da aka nuna mata daga baya inda aka sami Salihu ta gane wurin, amma tunda an ce nan take ya cika, ta ɗauka a kan gawarsa ta zauna, ta yi haƙuri da hakan shekara ashirin da biyu.

Dije ta rufe bakinta da gefen zane. Furera ta gyara tabarau, ta dubi Talle kai tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta ce, “Malam Talle, kai ka san ƙasa. Wanda ke ƙarƙashi shina jin na bisa?”

Ya san amsar. Mahaƙi yakan ji takun wanda ke tafiya a samansa tun kafin ya ga inuwarsa. Ya duba ko akwai wata hanyar faɗa, bai samu ba.

Ya ce, “Shina ji.”

Ta kaɗa kai a hankali. Ta ce ita ba ta ji komai ba, ko motsi, amma kuma ba saurare take ba. Ta ce ranar Zainab ta wuni tana kuka a bayanta, ta ƙi nono, ta ƙi ruwa, har wata tsohuwa ta ce a kwance ta a ajiye ta a ƙasa ko za ta yi shiru. Aka kwantar da ita a kan buhun, ta ci gaba da tsala kuka da fuskarta a ƙasa.

Furera ta ce, “To ya ji ɗiyarsa ke nan.”

Dije ta tashi ta kawo ruwa, Furera ta sha kaɗan, ta yi godiya. Ta ce Zainab tana gaishe shi, jarabawa ce ta riƙe ta, kuma ta ce a tambaye shi ko zai yarda ta sa sunansa a cikin aikinta, a wurin da ake lissafa waɗanda aka koya daga gare su. Ya ce ta sa na babanta. Furera ta ce za ta gaya mata, amma ba ta jin za ta yarda.

Ya raka ta har bakin titi, yana ɗingishi a bayanta da ɗan tazara. Suka tsaya suna jiran mai keke napep da zai nufi Kambarawa. Biyu suka wuce a cike. Na ukun ya tsaya, ta tattare mayafinta ta shiga, ta ce ya gaida Dije da kyau, a kuma sa su a addu'a. Ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ana ta kiran sallar magariba a masallacin unguwa, mutane suna wuce shi suna yi masa sallama, shi kuwa yana tsaye a wurin har aka tayar da iƙama.